Tsakanin Ƙaddara da Sakaci: Nazarin Haƙƙin Fasinja a Dokokin Jinkiri da Soke Tashin Jirgin Sama

Tsakure

Jinkiri da soke tashi abubuwa ne da matafiyin jirgin sama ke yawan cin karo da su, kuma sau da dama yakan karɓe su a matsayin ƙaddara, ya yi haƙuri ya wuce. Wannan takarda ta nazarci abin da dokoki uku suka tanadar wa fasinja a irin wannan hali, wato Yarjejeniyar Montreal ta 1999, da Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004, da Kashi na 19 na Ƙa'idojin Sufurin Jiragen Sama na Nijeriya. An bi hanyar karanta tanade-tanaden dokokin da hukunce-hukuncen kotu da suka fassara su, sannan aka kwatanta su. Takardar ta gano cewa kalmar diyya, yadda ake amfani da ita a Hausar yau, tana ɗauke da haƙƙoƙi huɗu mabambanta, kuma biyu ne kawai daga cikinsu uzurin abin da ya fi ƙarfin kamfani ke iya kayarwa. Haka kuma, nauyin kawo hujjar wannan uzuri yana wuyan kamfani ne. A ƙarshe an ba da shawarar daidaita kalmomin wannan fanni a Hausa.

Fitilun Kalmomi: Fasinja, Jinkiri, Diyya, Haƙƙi, Ƙaddara

1.0 Gabatarwa

Tafiya ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Fatake sun yi ta bin hanyar Gwanja sayen goro, mahajjata kuma sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, wasu sai bayan shekaru suke dawowa. A irin wannan tafiya madugu yakan ɗauki nauyin hanya da zango da tsaro, amma ba ya yi wa kowa alƙawarin ranar isa. Lokaci yana hannun Allah, matafiyi kuma guzurinsa haƙuri.

Jirgin sama, wanda ya fara sauka Kano a 1925, ya zo da wani sabon ciniki. Abin da fasinja ke biyan kuɗi mai yawa dominsa shi ne lokaci. Tikiti yarjejeniya ce da ke ɗauke da rana da sa'ar tashi da sa'ar sauka. Wanda ya bar motar haya ya sayi kujerar jirgi daga Kano zuwa Legas ya yi haka ne don ya riski wani abu: jarrabawa, ko ganin likita, ko ɗaurin aure, ko wani jirgin da zai wuce da shi gaba. Idan lokacin ya kuɓuce, to abin da aka saya ne ya kuɓuce, ko da an kai mutum inda zai je.

Manufar wannan takarda ita ce fayyace abin da doka ta ce a kan wannan asara, da iyakar da ta shata tsakanin abin da ya fi ƙarfin kamfani da abin da yake alhakinsa. Nazarin ya taƙaita ga jinkiri da sokewa da hana shiga jirgi. Ba a shiga batun haɗari ko rauni ba.

2.0 Fashin Baƙin Muhimman Kalmomi

Jinkiri shi ne jirgi ya tashi ko ya sauka bayan lokacin da aka sanar, alhali tafiyar tana nan yadda aka tsara ta. Sokewa ita ce a fasa tafiyar da aka tsara bayan an sayar da kujera. Hana shiga kuwa shi ne fasinja ya zo a kan lokaci, da tikiti tabbatacce da cikakkun takardu, amma a ƙi ɗaukarsa, galibi domin kamfani ya sayar da tikiti fiye da yawan kujeru.

Kalmar diyya ta shigo Hausa daga Larabci, kuma a fiƙihu tana nufin dukiyar da ake biya saboda kisa ko rauni. Daga baya ma'anarta ta faɗaɗa, har ake cewa diyyar gona ko diyyar gida idan hukuma ta karɓi fili. A bakin fasinja kuwa, duk abin da kamfani ya bayar bayan jinkiri ana iya kiransa diyya, tun daga robar ruwa har zuwa mayar da kuɗin tikiti. Dokokin da aka nazarta sun rarrabe abubuwa huɗu:

i. Kulawa: abinci da abin sha da hanyar sadarwa da masauki a lokacin jira.
ii. Zaɓi: a mayar wa fasinja kuɗin tikitinsa, ko a sama masa wani jirgin.
iii. Ƙayyadajjiyar diyya: kuɗin da doka ta yanke adadinsa tun farko, ana biya ba tare da fasinja ya nuna asarar da ya yi ba.
iv. Biyan asara: kuɗin da ake biya gwargwadon asarar da fasinja ya tabbatar da hujja.

A kan wannan rabe-rabe aka gina sauran bayanin takardar.

3.0 Yarjejeniyar Montreal ta 1999

Tun a Yarjejeniyar Warsaw ta 1929 ƙasashe suka amince cewa mai jirgi yana ɗaukar alhakin asarar da jinkiri ya haifar. Yarjejeniyar Montreal, wadda aka sanya wa hannu ranar 28 ga Mayu 1999 ta kuma fara aiki ranar 4 ga Nuwamba 2003, ta sabunta wannan tsari. Nijeriya ta shigar da ita cikin dokokinta ta hanyar Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2006, wadda ta 2022 ta maye gurbinta. Saudiyya ma tana cikin yarjejeniyar, don haka tafiyar Kano zuwa Jidda tana ƙarƙashinta.

Sashe na 19 ya ɗora wa kamfani alhakin asarar da jinkirin fasinja ko kayansa ya jawo, sai fa idan ya tabbatar da cewa shi da ma'aikatansa sun ɗauki duk matakan da hankali zai buƙata don kauce wa asarar, ko kuwa ɗaukar matakan ba mai yiwuwa ba ne. Sashe na 22 ya sanya iyaka ga abin da za a biya, ana lissafa shi da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake taƙaitawa da SDR. Iyakar jinkirin fasinja ta fara da 4,150, ta koma 4,694 a 2009, sai 5,346 a 2019, sannan 6,303 daga ƙarshen Disamba 2024. Ta kaya kuwa ta tashi daga 1,000 zuwa 1,519 a tsawon wannan lokaci.

Abin lura shi ne, waɗannan alƙaluma rufi ne, ba farashi ba. Fasinja ba ya samun komai don kawai ya daɗe a zaune. Dole ya nuna abin da ya kashe ko ya rasa: rasitin otal, ko sabon tikitin da ya saya bayan jirgin gaba ya tafi ya bar shi. Yarjejeniyar ba ta yarda da biyan kuɗi don ladabtar da kamfani ba. Ta kuma ƙayyade lokaci: ƙorafin jinkirin kaya a rubuce cikin kwana 21, na lalacewar kaya cikin kwana 7, shigar da ƙara kuwa cikin shekara 2. Ke nan Montreal ta tsaya ne a kan haƙƙi na huɗu kawai, wato biyan asara.

4.0 Dokar Tarayyar Turai Mai Lamba 261

Giɓin da Montreal ta bari shi ne na fasinjan da bai kashe ko sisi ba, amma ya ɓata yini a filin jirgi. Wannan giɓi ne dokar Tarayyar Turai ta cike. An zartar da ita ranar 11 ga Fabrairu 2004, ta fara aiki ranar 17 ga Fabrairu 2005.

4.1 Waɗanda Dokar Ta Shafa

Dokar ba ta duba ƙasar fasinja. Ta shafi duk wanda ya tashi daga filin jirgin wata ƙasar Tarayyar, kowane kamfani ne ya ɗauke shi. Ta kuma shafi wanda ya taso daga wajen Tarayyar zuwa cikinta, muddin kamfanin na Tarayyar ne. Saboda haka ɗalibi ko ɗan kasuwa daga Kano ko Yamai yana da haƙƙi daidai da na Bafaranshen da ke kujerar kusa da shi.

4.2 Abin da Ta Tanada

Kulawa tana wajaba bayan jinkirin awa 2 a gajeriyar tafiya, awa 3 a matsakaiciya, awa 4 a doguwa. Ta ƙunshi abinci da abin sha da damar kiran waya sau biyu, da otal da motar kai wa idan za a kwana. Idan jinkiri ya kai awa 5, fasinja na iya fasa tafiyar a mayar masa da kuɗinsa cikin kwana 7.

Ƙayyadajjiyar diyya tana bin nisan tafiya: Yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 ga wadda ke tsakanin 1,500 da 3,500, da duk tafiyar cikin Tarayyar da ta haura 1,500, sai Yuro 600 ga sauran. A wajen sokewa, kamfani yana kuɓuta daga biya idan ya sanar da fasinja mako 2 kafin tafiya, ko ya sama masa wani jirgin da lokutansa ke kusa da na farko. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar, ta riƙe tsarin a dokarta, da fam 220 da 350 da 520.

4.3 Gudummawar Kotu

Matanin dokar bai ambaci ƙayyadajjiyar diyya ga jinkiri ba, sai ga sokewa da hana shiga. Wannan ya buɗe ƙofar da kamfani zai iya kiran sokewa da sunan jinkiri. A hukuncin 19 ga Nuwamba 2009, Kotun Tarayyar Turai ta ce wanda ya isa inda zai je a makare da awa 3 ko fiye ya yi asarar lokaci irin ta wanda aka soke jirginsa, don haka diyyarsu ɗaya. Ta sake tabbatar da wannan a 2012. A 2013 ta bayyana cewa ana auna jinkiri ne a zangon ƙarshe, ko da jinkirin jirgin farko kaɗan ne. A 2014 kuma ta ce lokacin isa shi ne sa'ar da aka buɗe ƙofar jirgi aka ba fasinjoji damar fita, ba sa'ar da taya ta taɓa ƙasa ba.

Wannan iyaka ta awa 3 ta daɗe tana shan suka daga kamfanoni. A watan Yunin 2025 ministocin sufuri na ƙasashen Tarayyar sun amince da matsayar ɗaga ta zuwa awa 4 da awa 6 gwargwadon nisa, Majalisar Dokokin Turai kuwa ta nuna tana son a bar ta yadda take.

5.0 Tanadin Dokar Nijeriya

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NCAA, ita ke da alhakin kare fasinja. Kashi na 19 na ƙa'idojinta, waɗanda aka sabunta a 2023, ya ɗauko ginin dokar Turai, amma ya bambanta da ita a wurare masu muhimmanci.

A tafiyar cikin gida, wajibi ne kamfani ya bayyana dalilin jinkiri cikin minti 30 bayan lokacin tashi ya wuce. Bayan awa 2 a ba da abin taɓawa da hanyar sadarwa. Bayan awa 3 fasinja na da ikon karɓar kuɗinsa. Idan jira ya shiga tsakanin ƙarfe 10 na dare da 4 na asuba, ko aka rufe filin tashi ko na sauka, sai a ba shi masauki da mota. Idan jinkirin ya haura awa 6, diyya ta wajaba. A wajen sokewa, kamfani yana kuɓuta daga diyya idan ya sanar awa 24 kafin tafiyar cikin gida, ko kwana 7 kafin ta ƙetare. Kuɗin tikitin da aka biya ta banki ana mayar da shi cikin kwana 14.

Babban bambanci yana wajen lissafi. Turai ta yanke adadi tsayayye, Nijeriya kuwa ta ɗaure diyya da farashin tikiti: kashi 25 cikin 100 a tafiyar cikin gida, kashi 30 a ta ƙetare. Idan aka ɗauka, a matsayin misali, tikitin Kano zuwa Legas naira 150,000 ne, diyyarsa naira 37,500 ke nan. Tsarin Turai ya ɗauki awar kowane fasinja daidai da ta ɗan'uwansa, na Nijeriya kuwa ya sa awar mai tikiti mai tsada ta fi ta mai araha daraja, alhali a benci ɗaya suka yi zaman jiran. A ɗaya ɓangaren, lissafin kashi yana tafiya da hauhawar farashi, don haka faɗuwar darajar naira ba ta cinye shi kamar yadda za ta cinye tsayayyen adadi.

Wanda bai gamsu ba yana iya kai ƙorafi sashen kare fasinja na hukumar, ko Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, ko kotu. Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya al'amuran sufurin jirgin sama ƙarƙashin Babbar Kotun Tarayya. A 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa wata ɗaliba diyya a kan kamfanin Emirates, wanda ya hana ta shiga jirgi duk da tabbataccen tikitinta. A Jamhuriyar Nijar kuwa, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta UEMOA tana da ƙa'ida tun 2003 a kan hana shiga da sokewa da dogon jinkiri.

6.0 Iyakar Ƙaddara da Sakaci

A nan ne gardamar take. Dokar Turai da ta Nijeriya duk sun ɗauke wa kamfani biyan diyya idan ya tabbatar cewa wani yanayi na ba-zata ne ya jawo matsalar, wanda ba za a iya kauce masa ba ko da an ɗauki duk matakan da suka dace. Wannan shi ne mafi kusa da abin da Bahaushe ke kira ƙaddara a maganar yau da kullum. Sai dai da'irar da doka ta shata masa ƙarama ce ƙwarai.

A hukuncin Disamba 2008, a shari'ar da ta shafi kamfanin Alitalia, Kotun Tarayyar Turai ta kafa ma'auni biyu: abin ya kasance ba ya cikin al'amuran yau da kullum na sana'ar jirgi, kuma ya fi ƙarfin ikon kamfani. Da wannan ma'auni, lalacewar inji ba uzuri ba ce, domin gyara da kula da jirgi su ne ainihin sana'ar. A 2015 kotun ta ƙara da cewa ko da wani sashe ya lalace bagatatan kafin wa'adinsa, alhakin na kamfani ne. A 2018 da 2021 ta yanke cewa yajin aikin ma'aikatan kamfanin kansa ba uzuri ba ne. Amma karo da tsuntsu, kamar yadda ta yanke a 2017, uzuri ne, haka ma mummunan yanayi da rufe sararin samaniya da barazanar tsaro.

Ko a inda uzuri ya tabbata, ba duka haƙƙoƙi yake kayarwa ba. A watan Afrilun 2010 tokar dutse mai aman wuta a Iceland ta rufe sararin samaniyar Turai na kwanaki. Babu wanda zai ce kamfani ne ya hura wutar. Duk da haka, a hukuncin Janairun 2013 kan kamfanin Ryanair, kotun ta ce wajibcin ciyarwa da samar da masauki yana nan, kuma ba shi da iyakar kwanaki ko ta kuɗi. Hikimar a fili take: a lokacin da matsala ta fi tsanani ne fasinja ya fi buƙatar kulawa.

Wannan darasi ya shafi Arewacin Nijeriya da Nijar kai tsaye. A lokacin hunturu, hazo yakan rage nisan gani har ya hana sauka a filaye irin su Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri. Matuƙin da ya ƙi tashi a irin wannan yanayi ya yi daidai, kuma babu ƙayyadajjiyar diyya a kansa. Sai dai hazo ba ya halatta wa kamfani riƙe kuɗin tikitin tafiyar da ba a yi ba. Haka kuma ba kowane jinkirin watan Janairu ne na hazo ba. Idan jirgin wani kamfani ya sauka a fili ɗaya, a sa'a ɗaya, fasinja yana da dalilin tambaya, kamfani kuma shi ke da nauyin bayani. Akwai kuma filayen da ba a sauka cikinsu bayan faɗuwar rana. Idan jirgi ya makara tun safe saboda matsalar inji har dare ya riske shi, tushen sokewar inji ne, duhu ya zo ne daga baya.

Karin maganar Hausa tana da fuska biyu a nan. Akwai "haƙuri maganin zaman duniya" da "wani jinkirin alheri ne", waɗanda ke sanyaya zuciyar mai jira. Akwai kuma "alƙawari kaya ne", wadda ke ɗora nauyi a kan mai alƙawari. Biyun ba sa karo. A kasuwa, wanda tela ya ɓata wa yadi yakan ce haka Allah ya so, sannan ya nemi a biya shi, ba wanda zai zarge shi da raunin imani. Abin da ke faruwa a filin jirgi shi ne fuska ta farko ta rufe ta biyu, domin fasinja bai san akwai abin nema ba.

7.0 Misalan Aiki da Dokokin

Domin a ga yadda dokokin ke cuɗanya, ga wasu misalai na ƙiyasi.

Na farko: fasinja ya tashi daga Paris zuwa Yamai, ya isa a makare da awa 5 saboda matsalar inji. Nisan ya haura kilomita 3,500, tashin kuma daga Tarayyar Turai ne. Haƙƙinsa Yuro 600, ko nawa ya sayi tikitin.

Na biyu: wata ta tashi daga Abuja zuwa Frankfurt da kamfanin wata ƙasar Afirka, za ta yada zango a Addis Ababa. Dokar Turai ba ta rufe ta ba, domin daga waje ta taso kuma kamfanin ba na Tarayyar ba ne. Madogararta ƙa'idar Nijeriya da Montreal. Amma a dawowa, da kamfanin nan dai, dokar Turai ta rufe ta. Hukuncin 2018 a kan tafiyar Berlin zuwa Agadir ta Kasablanka ya nuna cewa tafiyar da aka yanka da tikiti ɗaya ana ɗaukarta guda, ko da matsalar ta auku a zangon da ke wajen Turai.

Na uku: maniyyaci yana sansanin alhazai, an ɗage tashinsa. Matsayinsa ya fi sarƙaƙiya, domin ba shi ya ƙulla ciniki da kamfani kai tsaye ba. Ya biya kuɗin kujera ne a dunƙule ta hannun hukumar alhazai, jirgin kuma na shata ne. Lissafin kashi 30 yana buƙatar sanin kuɗin jirgi shi kaɗai, wanda alhaji ba lallai ya riƙe shi a rubuce ba. Ga kuma ɗabi'ar ɗaukar wahalar hanya a matsayin ɓangaren lada. Wannan rukuni ne ya fi buƙatar a yi masa bayani da harshensa.

8.0 Matakan Neman Haƙƙi

Daga tanade-tanaden da aka bibiya, ana iya fitar da matakai kamar haka. Fasinja ya adana tikiti da takardar shiga jirgi da duk saƙon da kamfani ya aiko. Ya nemi dalilin jinkiri a rubuce, ya kuma rubuta lokacin da aka buɗe ƙofa a zangon ƙarshe. Idan ya ciyar da kansa ko ya kama otal, ya riƙe rasiti, ya kuma tsaya ga matsakaicin kashewa. Ya fara rubuta wa kamfanin da ya tuƙa jirgin, ba dillalin da ya sayar da tikiti ba, yana ambaton lambar jirgi da rana da haƙƙin da yake nema. Idan aka miƙa masa takardar rangwamen wata tafiya a madadin kuɗi, ya karanta kafin ya sa hannu. A dokar Turai ba a biyan diyya da irin wannan takarda sai da amincewar fasinja. Idan kamfani ya yi shiru ko ya ƙi, sai hukuma, sannan kotu.

9.0 Sakamakon Bincike

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na ɗaya, dokokin uku ba kishiyoyin juna ba ne: Montreal tana biyan asarar da aka tabbatar, ta Turai da ta Nijeriya suna biyan ɓata lokaci da kansa. Na biyu, uzurin abin da ya fi ƙarfin kamfani yana kayar da ƙayyadajjiyar diyya da biyan asara, amma ba ya taɓa haƙƙin karɓar kuɗin tikiti, kuma a hukuncin kotun Turai ba ya taɓa kulawa. Na uku, nauyin hujja a kan uzuri yana kan kamfani a dukkan dokokin. Na huɗu, amfani da kalma ɗaya ga haƙƙoƙi huɗu yana cutar da mai magana da Hausa ta hanya biyu: wanda aka ba lemo da biskit yana iya zaton an sallame shi, wanda kuma aka ce masa babu diyya saboda hazo yana iya barin kuɗin tikitinsa.

Bisa ga haka, takardar tana ba da shawarar masana harshe da masu fassara da 'yan jarida su daidaita kalmomi huɗun da aka kawo a sashe na 2.0, ko wasu da suka fi su dacewa. Haka kuma a fassara Kashi na 19 zuwa Hausa, a liƙa taƙaitaccen bayaninsa a filayen jirgi da sansanonin alhazai, da boko da ajami, a kuma watsa shi ta rediyo kafin hunturu da lokacin aikin hajji.

10.0 Kammalawa

Takardar ta bibiyi haƙƙin fasinja daga Yarjejeniyar Montreal zuwa dokar Turai da ta Nijeriya, ta kuma nuna inda kowace ta ja layi tsakanin uzuri da alhaki. An ga cewa doka ba ta musanta akwai abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ba, amma ta ƙi yarda a fake da shi ba tare da hujja ba, ta kuma bar wa matafiyi abincinsa da makwancinsa da kuɗinsa ko da hujjar ta tabbata. Dokar da ba a sani ba ba ta amfanar wanda aka yi ta dominsa, kuma Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan ɓangare na aikin, wato sanya doka cikin kalmomin da matafiyi zai gane ya kuma iya furtawa a gaban teburin kamfani, ya faɗo ne a fagen masu nazarin Hausa.